Yadda Ƙananan Sinadarai Ke Samuwa a Cikin Tabar Wiwi

Gabatarwa

Jama'ar ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun mutane ne da suka san tsiro ciki da bai. Sun gaji noman damina da na fadama tun kaka da kakanni, sa'an nan tun da aka gama ginin madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1978, noman rani ya zama musu babbar sana'a. Manomin wannan yanki yana iya duban ganyen shinkafa ko na albasa ya faɗi abin da ke damunsa. Amma akwai wani tsiro guda wanda sunansa ya cika bakin mutane, alhali kuwa saninsa ya yi ƙaranci ƙwarai. Wannan tsiro shi ne tabar wiwi.

Magana iri biyu ake ji game da ita. Dattawa kan ce guba ce tsantsa mai haukata yara. Wasu samari kuma kan ce ai Turawa sun gano magani ce, har ana sayar da ita a kantunan magani. Kowane ɓangare ya ɗauka cewa abu guda ne a cikin ganyen. Masana kimiyya kuwa sun tsamo sinadarai fiye da 100 waɗanda suka keɓanta ga wannan tsiro, suka yi musu sunan gida ɗaya, watau kanabinoyid. Biyu daga cikinsu su ne manya: THC, wanda ke sa maye, da CBD, wanda ba ya sawa. Sauran duka ana kiransu ƙanana, saboda kaɗan-kaɗan ake samunsu. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda waɗannan ƙanana suke samuwa, da kuma abin da sanin hakan zai amfana wa mai sauraron gardamar da aka ambata.

Rama da Wiwi

Kafin a shiga cikin bayani, ya kamata a kau da wani ruɗani. Akwai irin ramar da ganyenta ke da yatsu, wadda in aka hange ta daga nesa sai a ce wiwi ce. Wannan kamanni ne ya sa masanin tsirrai Linnaeus, mutumin Suwidin, wanda ya raɗa wa wiwi suna Cannabis sativa cikin 1753, ya kira rama Hibiscus cannabinus, watau mai kama da wiwi. Amma kama da wane ba ta wane. Rama 'yar gidan kuɓewa ce da yakuwa da auduga, furenta ma shaida ne. Yatsun ganyenta a haɗe suke daga tushe kamar tafin hannu, na wiwi kuwa kowane ɗan ganye tsaye yake da kansa, gefensa kamar haƙoran zarto. Rama ba ta yin THC. Saboda haka mai cin kwaɗonta da mai tufka igiya da ɓawonta ba su da abin tsoro.

Inda Ake Ƙera Sinadaran

Wiwi tana da namiji da mace, kamar yadda dabino da giginya suke. A jikin furen macen ne sinadaran suka fi taruwa. In aka duba furen da madubin ƙara girma, za a ga ya cika da wasu 'yan gasu masu kama da ƙaiƙayin kuɓewa, sai dai kowane ɗaya yana da ɗan kai kamar na fil. A ƙarƙashin wannan kai akwai 'yan ƙwayoyin halitta da aka jera kamar faifai, a samansu kuma akwai wata 'yar jaka inda wani danƙo ke taruwa. Faifan nan shi ne maƙera, jakar kuwa ita ce rumbu.

Akwai dalilin da ya sa tsiron ke ajiye danƙon a waje. Bincike ya nuna cewa waɗannan sinadarai suna kashe ƙwayoyin jikin tsiron kansa in suka taɓa su, suna kuma cutar da wasu ƙwari. Don haka masana da yawa ke ganin makamai ne na kāre fure da iri. Ba don ɗan Adam aka yi su ba, kamar yadda barkono bai yi yaji domin miya ba.

Uwa Ɗaya

Kowane sinadari curi ne na ƙwayoyin zarra da aka ɗaure wuri ɗaya. A nan iri uku kawai ake bukata: kabon, da haidurojin, da oksijin. Masu aikin ɗaurin kuwa wasu abubuwa ne da ake kira inzayim. Kowane inzayim kamar mai sana'a yake, aikin da ya iya shi kaɗai yake yi, kuma gadonsa tsiron yake yi daga iyayensa.

Aikin yana farawa ne daga hanyoyi biyu. A hanya ta farko, tsiron kan ɗauki wani guntun maiƙo mai kabon 6, ya yi masa ƙari sau uku, sa'an nan ya lanƙwasa shi ya zama zobe mai jela. Sunan wannan zobe asid na olibetol, jelarsa kuma tana da kabon 5 a jere, kamar gaɓoɓin kara. Sai cikin 2012 masana a Kanada suka gano inzayim ɗin da ke lanƙwasa zoben. A hanya ta biyu, tsiron kan haɗa wata sarƙa mai kabon 10, irin wadda tsirrai da dama ke yin ƙanshinsu da ita, kamar lemun tsami da na'ana'a. Daga nan sai wani inzayim ya ɗaura sarƙar a jikin zoben. Abin da aka samu shi ake kira CBGA.

Wannan CBGA ita ce uwa. Kusan duk dangin daga gare ta suka fito, tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Abin mamaki shi ne, da wuya a sami uwar da yawa a cikin tsiron da ya nuna, domin da zarar an ƙera ta sai a juya ta zuwa wani abu. Ashe ke nan ƙarama ta farko a cikin dangin ita ce wadda ta haifi manyan. Ƙarancinta na ragowa ne, kamar 'yar ƙullun da ta saura a gindin ƙwarya bayan an gama tuya.

Rawani Ɗaya, Naɗi Uku

Inzayim uku ne ke jiran CBGA. Masana a Jami'ar Kiyushu ta ƙasar Japan ne suka tsamo su ɗaya bayan ɗaya, daga 1995 zuwa ƙarshen waɗancan shekaru. Kowannensu yakan cire haidurojin 2 daga jikin uwar, sa'an nan ya naɗe sarƙar nan mai kabon 10 ta hanyar da ya iya. Na farko yana ba da THCA, na biyu CBDA, na uku CBCA.

A nan ne hikimar take. Dukkan ukun suna da kabon 22, da haidurojin 30, da oksijin 4, babu ƙari babu ragi. Naɗi kaɗai ya bambanta su. Misalin abin kamar rawani ne. Ƙyalle ɗaya ne, tsawo ɗaya, amma in aka yi masa naɗi mai kunne biyu an san ɗan sarauta ne tafe, in aka yi masa naɗin malamai an san malami ne, in Buzu ya naɗa shi ya rufe baki da hanci an san baƙon Azbin ne. Kuma kowane naɗi da irin ƙofar da ake buɗe masa. Haka abin yake a jikin mutum. Cikin 1988 aka gano cewa ƙwaƙwalwa tana da wasu 'yan ƙofofi, waɗanda daga baya aka kira CB1. Naɗin THC ya dace da su, ya shige ya tayar da aiki. Naɗin CBD bai dace da su haka ba, shi ya sa ba ya sa maye.

To, me ke sa wani ya zama babba, wani ƙarami? Amsa ita ce gado. Masu bincike a ƙasar Holan sun nuna cikin 2003, ta hanyar barbarar iri da iri, cewa rinjayen THC ko na CBD gadonsa ake yi. Irin da ya gaji inzayim na farko da ƙarfi, shi ne tabar maye. Wanda ya gaji na biyu shi ne wanda ake nomawa a Faransa da Sin domin igiya da mai, a ƙasashe da yawa kuma doka ta ce THC ɗinsa kada ya wuce kashi 0.3 cikin 100. Wanda ya gaji duka biyun yakan raba. Inzayim na uku kuwa ya fi ƙwazo lokacin da tsiron yake ƙarami, in ya girma sai yayyensa su danne shi, saboda haka CBCA ya zauna cikin ƙanana. Cikin 1987 ma an ba da labarin wani iri a Faransa wanda masu naɗinsa suka yi rauni, sai uwar ta taru ta zama ita ce mai rinjaye. Wannan ya nuna cewa girma da ƙanƙanta a nan ba sarautar dindindin ba ce. Ƙaramin wani iri shi ne babban wani.

Tsawon Jela

Hanya ta biyu da ƙanana ke samuwa tana can tun farkon aiki. An ce tsiron yana farawa da guntun maiƙo mai kabon 6. To, wani lokaci yakan ɗauki mai kabon 4. In haka ta faru, komai zai tafi yadda aka saba, sai dai jelar zoben za ta fito da gaɓa 3 maimakon 5. Daga nan sai a sami wata uwa ta biyu, da 'ya'yanta uku, waɗanda ake ƙara wa sunansu harafin V, kamar THCV da CBDV. An fi samun THCV a cikin wasu irin wiwi na kudancin Afirka da na Asiya.

Gaɓa biyu kawai aka rage, amma hali ya sauya. THCV in kaɗan ne yakan tsaya a bakin ƙofar CB1 ya tare ta, maimakon ya buɗe. In kuwa jelar ta ƙaru, sai abin ya juya. Cikin 2019 masana a Italiya suka gano wani mai jela gaɓa 7, suka kira shi THCP. A gwajin da suka yi a ɗakin bincike, riƙon da yake yi wa ƙofar ya ninka na THC sau 33, ko da yake ɗan mitsitsi ne a cikin tsiron. Gaskiyar masu iya magana, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Aikin Wuta da Rana da Iska

Duk abubuwan da aka lissafa zuwa yanzu aikin tsiro ne mai rai. Mai karatu zai lura cewa sunayen da yawa sun ƙare da harafin A. Wannan harafi yana nufin asid, watau kowannensu yana ɗauke da wani ɗan ƙunshi na kabon da oksijin a gefensa. Muddin wannan ƙunshi yana nan, THCA ba ya sa maye. Zafi ne ke ɓalle shi, ya tashi a matsayin iskar nan da mutum ke fitarwa in ya numfasa, curin ya rage nauyi da misalin kashi 12 cikin 100. Sai THCA ya koma THC, CBDA ya koma CBD, CBCA ya koma CBC, uwar kuma ta koma CBG. Wuta tana yin wannan aiki nan take. Ajiya a wuri mai zafi tana yinsa sannu a hankali.

Daga nan tsiron ba shi da sauran hannu a cikin abin da ke faruwa. Bahaushe ya san irin wannan sauyi sarai. Marini yakan tsamo zane daga rijiyar baba da launin kore-kore, yana shan iska sai ya rikiɗe ya zama shuɗi. Ganyen baba bai zo da shuɗin ba, iska ce ta kammala aikin. Haka kuma farin goro in aka fasa shi aka bari, sai wurin ya yi ja. Oksijin da ke cikin iska shi ne mai wannan aiki, kuma shi ne ke aiki a kan busasshiyar wiwi.

In THC ya daɗe yana shan iska da haske, yakan zubar da haidurojin 4, ya koma wani abu da ake kira CBN. Ƙarfinsa na maye bai kai na THC ba ko kusa. Ɗanyen fure kusan ba shi da shi, tsohon kaya kuwa yana da shi da yawa. Wannan ya haifar da wani abin ban dariya a tarihin kimiyya. Masana a Kambirij ta Ingila ne suka fara tsamo sinadari daga danƙon wiwi wajen 1896, kuma CBN suka samu, domin danƙon daga Indiya ya zo, ya tsufa a hanya. An daɗe ana zaton shi ne mai sa maye. Sai cikin 1964 Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila, suka tsamo THC tsantsa suka bayyana siffarsa. Watau shekaru da dama aka yi ana tuhumar toka da laifin wuta.

Sauran ma haka suke. Hasken rana yakan sa CBC ya sake naɗewa ya zama CBL. Iska takan juya CBD ya zama CBE. A jikin THC kuma akwai wani ƙulli da ke zaune a gurbi na 9, wanda yakan gusa zuwa gurbi na 8, a sami abin da ake kira Delta 8, mai ƙarancin ƙarfi. A taƙaice, ƙanana kashi uku ne: waɗanda suka rage ko aka danne su a maƙera, da waɗanda jelarsu ta bambanta, da waɗanda rana da iska da zamani suka haifa bayan an yanke tsiron.

Daga Kurmi Zuwa Mafara

Wiwi ba tsohuwar shuka ba ce a Nijeriya. Masu tarihi sun danganta yaɗuwarta da sojojin da suka komo daga Indiya da Bama bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da kuma ma'aikatan jiragen ruwa. Cikin 1964 likitan ƙwaƙwalwa Tolani Asuni ya riga ya yi rubutu a kan matsalarta. Dokar soja ta 1966 ta tanadi hukunci har na kisa ga mai noma ta, aka sassauta cikin 1975, sa'an nan aka kafa hukumar NDLEA da dokar 1989. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da gwamnatin Nijeriya cikin 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.6 sun sha wiwi a shekarar da ta gabace shi.

Mafi yawan nomanta a dazuzzukan kudu ake yi, a jihohi irin su Ondo da Edo da Delta da Osun. Kafin ta iso garuruwan da ke kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato, ta sha matsa a buhu, ta sha ɓoyo, ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a ƙarƙashin tampol. In kuma ta iso, sai ta tarar da zafin bazara, wanda a ƙasar Mafara yakan haura digiri 40. Wani bincike da aka yi a Amurka cikin 1997 ya nuna cewa wiwi da aka ajiye a ɗaki mai matsakaicin zafi takan yi asarar kimanin kashi 17 cikin 100 na THC a shekara guda, har masu binciken laifi kan auna CBN su ƙiyasta shekarun kayan da aka kama. Zafi kuwa yana ƙara wa wannan aiki sauri.

Abin da wannan ke nufi shi ne, ƙulli biyu masu kama ɗaya suna iya bambanta nesa. Irinsu daban, lokacin yankansu daban, daɗewarsu a hanya daban. Mai sayarwa bai san abin da ke ciki ba, balle mai saye. Daɗin daɗawa, akwai abin da ake kira Kolorado, wanda busasshen ganye ne da aka fesa wa sinadaran da aka haɗa a masana'anta. Waɗannan ba 'ya'yan CBGA ba ne sam, baƙi ne da suka koyi buɗe ƙofar CB1 da ƙarfin tsiya. Irin wannan haɗi, mai suna kush, shi ya sa ƙasar Saliyo ta kafa dokar ta-ɓaci cikin 2024. A Zamfara kuma lamarin ya wuce lafiyar mai sha kaɗai, domin hukumar NDLEA ta sha ba da sanarwar kama masu kai wa 'yan bindigar daji kayan maye.

Batun Magani

Yanzu sai a koma ga maganar samari. Akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Cikin 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna Epidiolex domin wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Amma wannan CBD ne da aka tace, aka raba shi da THC, aka auna shi, likita kuma ke rubutawa. Bayanin da ya gabata ya nuna cewa THCA da CBDA uwa ɗaya suke rabawa, in ɗaya ya ci da yawa ɗayan sai ya tashi da kaɗan. Tabar da ake nomawa domin maye an zaɓe ta ne saboda yawan THC, don haka ita ce mafi talaucin CBD. Mai neman magani a cikinta ya yi ɓatan kai.

Illar THC kuwa a rubuce take. Wani babban bincike da aka buga cikin 2019, wanda ya haɗa birane da dama na Turai da wani yanki na Birazil, ya nuna cewa masu shan wiwi mai ƙarfi kullum sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba haɗarin taɓin hankali kusan sau 5. Su kuwa ƙanana irin su CBG da CBC da CBN, har yanzu a matakin gwaji suke. 'Yan kasuwa a ƙasashen Turai da Amurka suna tallan CBN a matsayin maganin barci, alhali hujjar hakan ba ta yi ƙwari ba tukuna. Masu neman su domin bincike ma sun fara kauce wa gona, domin cikin 2019 masana a Jami'ar Kalifoniya sun dasa ƙwayoyin gadon wiwi a cikin yis, irin na kwaɓin burodi, ya riƙa ƙera waɗannan sinadarai daga sukari.

Kammalawa

An ga cewa tabar wiwi tana ƙera uwa guda, ta naɗa ta hanyoyi uku gwargwadon abin da ta gada, wani lokaci ta sauya tsawon jela, sa'an nan zafi da haske da iska su ci gaba da aikin bayan ta bushe. Dattijon da ya ce guba ce bai yi ƙarya ba, domin mai rinjaye a cikin abin da ake sayarwa shi ne mai cutarwa. Saurayin da ya ce akwai magani shi ma ya ji wani abu, sai dai ya ji rabi, domin maganin yana samuwa ne bayan an raba shi da abin da shi yake nema.

Akwai kuma aiki a gaban ɗaliban Hausa. Malamin gona a Bakura, da malamin asibiti a Maradun, da limamin da ke wa'azi a Talata Mafara, duk da Hausa suke magana da jama'a. In harshen bai tanadi kalmomin da za a bambanta THC da CBD ba, ko tsiro da abin da aka fesa masa, to mai tallan banza shi zai ci kasuwa. Hausa kuwa tana da rawani, tana da marina, tana da gaɓar kara, waɗanda za su iya ɗaukar wannan ilmi su kai shi zaure da bakin kasuwa. Rashin sani dai, in ji masu hikima, ya fi dare duhu.